Inda Za Mu Kai Tsufanmu

Shekara talatin da ɗaya
ina tuƙa motar kwashe ƙanƙara a titunan Duluth
tun kafin gari ya san zai waye.
Ran Juma'a suka ba ni agogo, aka yanka kek,
suka ce, "Arvo, je ka huta."
Ashe hutun ma sai an nema masa masauki.

Verna ta shimfiɗa taswira a teburin kicin.
Ta danne kudu da kwalbar gishiri da kofin shayi,
amma gefen arewa ya ƙi kwanciya,
sai naɗewa yake yana rufe Minnesota
kamar mai cewa, ba da ni ba.

Jiha hamsin, mu biyu, gwiwa huɗu,
uku a ciki sun yi wa sanyi tawaye.

Ƙaninta Delbert ya bugo daga Arizona,
ya ce can rana kyauta ce, ba mai biya.
Na tambaye shi watan Yuli,
ya yi tari, ya ce sitiyari kan ɗan ƙona hannu.
Gudun gara ke nan a tadda zago.

Florida kuwa, mun leƙa kuɗin inshora
muka rufe takardar a hankali.
Ban iya zama inda ake raɗa wa guguwa suna
kamar jaririya, ana jiran isowarta.

Sai Verna ta fiƙe fensir.
Haraji, fansho, kuɗin magani,
mil nawa daga ƙofa zuwa asibiti.
Tennessee ta ci jarrabawar da maki mai kyau.
Amma fensir farashi kawai ya sani,
bai san wa zai ɗaga ka ba
ranar da santsin banɗaki ya kayar da kai,
bai san wa zai lura
labulenka bai motsa ba har azahar.

'Yarmu Sigrid tana Carolina ta Arewa.
Ta ce, "Ku matso, akwai gida ba bene."
Jikana ya cusa baki a waya
ya nuna mini giɓi sabo ful,
haƙori na uku da ya faɗi ba na nan.

To me ya rage?
Mun san abin da ya rage.
Kwana tara muna kewaya shi
yadda ake kewaya rami a titi.

Yana can kan tudu, yana kallon tafki,
layi na tara, dutse na uku daga itacen fir.
Toivo. Shekara goma sha bakwai.
Kowace Lahadi in ta zuba
nakan ɗauki shebur in buɗe sunansa,
don kada ya kwana a rufe.

Verna ce ta faɗa, tana wanke kofi,
ba ta juyo ba:
"Shi ba ya jin sanyi, Arvo. Mu ne."

Ban amsa ba. Na fita gareji
na daɗe ina gyara abin da bai lalace ba.

Jiya na kira Maren, 'yar maƙwabta,
wadda na koya wa tuƙi a filin coci.
Na miƙa mata shebur, ƙotarsa ta yi sulɓi
daidai inda tafina ya saba zama.
Na fara kwatance, ta tare ni:
"Layi na tara. Na sha ganinka."

An kafa allon sayarwa a bakin gida.
Verna ta zana da'ira da jan biro
kusa da garin Sigrid,
ta rubuta a gefe: Mayu, mu dawo ziyara.

Sun ce can ƙanƙara baƙuwa ce,
in ta zo ma ba ta kwana biyu.
Na san duk da haka ƙarfe uku zan farka,
in ɗaga labule, in dubi sama,
in tsaya da takalmi ɗaya a hannu.