Zare Biyu, Makulli Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Runjin Sambo.
An ɗauke wuta, batiri na kukan ɗan kyanwa,
ni da manhajar awon albasa
da na yi wa Alhaji Mu'alledi alkawari tun watan jiya
muna kallon juna, kallon mai bashi da mai binsa.

Zare biyu na saka a cikinta.
Ɗaya ya ɗauko nauyin buhu daga sikeli ya jera a layi,
ɗaya ya kwashe daga layi ya buga rasit.
Makulli ɗaya tsakaninsu,
mai riƙe da shi kaɗai ke taɓa layin.

Da fari na bar mai kwasa yana leƙe:
akwai? babu. akwai? babu.
Sau dubu dubu kafin in haɗiye yawu.
Kwamfuta ta ɗau zafi kamar kwaltar Gawon Nama da azahar,
tana huci a kan cinyata, aikin banza.

Sai na ce masa, kwanta.
Ya kwanta, da makullin ƙarƙashin matashi.
Mai jerawa ya iso da kaya, ƙofa a garƙame.
Wannan na jiran makulli,
wancan na jiran kaya,
allo ya sandare.

A nan Baba ya faɗo mini a rai.

Fadamar Kwalkwalawa, ina 'yar shekara tara:
manoma biyar, injin ban ruwa ɗaya,
hannun tayar da shi ma ɗaya, ƙarfe mai lanƙwasa.
In ruwan rijiya ya ja baya,
Baba kan rataye hannun a reshen bagaruwa,
ya ja malafa ya rufe fuska.
"Kulu, mai jiran ruwa ba shi kwana da hannun inji,
wani na da buƙata tai."

In yaro ya ƙwala, "Ruwa ya kawo!"
ba ya tashi ya hau murɗawa.
Sai ya ɗauko hannun tukuna,
ya taka har bakin rijiya ya leƙa.
Wataƙila Ɗan'ige ya riga shi ya zuƙe,
wataƙila yaron mafarki ya yi.
In bai isa ba, ya mai da ƙarfe reshe,
ya koma ƙarƙashin malafa, ba gunaguni.

Na gyara zama.
Na ba zaren sharaɗin da zai jira a kansa:
ka duba layi da makulli a hannu;
in babu, saki da kwanciya su zama taki ɗaya,
kada kira ya ratsa tsakaninsu,
don kiran da ya riga barci
ba ya jiran kowa, iska ke tafiya da shi.
In an tashe ka, karɓi makulli, sake dubawa.
Na goge "idan", na rubuta "muddin".
Kalma ɗaya. Ita ta cinye mini kwana uku.

Buhu na gwaji ya hau, kira ya tafi,
mai barci ya farka, ya duba, ya kwashe,
takarda ta fito da ɗuminta.
Kwamfuta ta huce har ina jin gyare a tsakar gida.

Sai na lura da ɗayan hannuna.
Tun magariba yake kan waya:
akwai? babu. akwai? babu.
Jelani na can asibiti a gefen gadon Baba,
ya ce, "In ya buɗe ido, ke zan fara kira."

Na rataye makullin babur a ƙusa, ko wani zai nema,
na ƙure ƙarar waya, na kife ta,
na ja gyale na rufe fuska.
In ta yi kuka zan tashi.
Amma sai na je na leƙa da idona.