Notin da Ya Ƙi Fita

A bakin titin Jega, gab da hanyar Aliero,
akori-kura ta durƙusa da buhunan albasa,
tayar baya ta yi laƙwas.
Noti huɗu sun bi sifana salin-alin.
Na biyar ya side,
kusurwoyinsa shida sun tafi tun a hannun wani gwani
da ba mu san sunansa ba.
Sifana na zagaya shi kamar zobe a yatsan mai jinya.

Na ɗauko soket mai haƙora a ciki,
wanda maigidana Arzika ke ɓoyewa a gwangwanin madara,
na kafa masa, na bi da guduma
har ya haɗiye notin.
Na zura bututu, na hau da nauyina duka.
Ƙarfe ya yi kukan ƙyauren da ya shekara a rufe,
ya juya.
Direba ya ce madalla.
Ni kuwa na yi murmushi da wuri.

Na kifa soket in zazzage,
noti ya ce nan ne gidan ubansa.
Na buga shi a dutse. Shiru.
Na ɗiga baƙin mai, na ƙara kananzir,
na kama da filaya, filaya ta ciji tafina.
Na dasa shi a ƙasa, na sa kurfi ta baya,
na doka, na doka,
har gumi ya shiga idona,
har mai kunun zaƙi ta sauke bokitinta tana kallo.
Rana na dafa albasa a cikin buhu,
direba na duban agogo yana lissafin kasuwar Yauri.

Arzika bai tashi daga benci ba.
Ya gama ɓare goronsa tukuna,
ya tofar da ɓawon, ya ce,
"Labbo, mi kaka yi hakanga?
Kana korar shi, ka toshe mai ƙohwa.
Ina za shi? Cikin ƙasa?"

Na duba. Bakin soket na manne da dandaɓe,
duk dukan da na yi, ƙasa ta maido mini.

Ya jawo bais da ƙafa, ya buɗe muƙamuƙinsa
faɗin yatsa biyu da ɗan ƙari,
ya ɗora soket a kan leɓɓan,
rami a ƙarƙashi, iska kawai.
Ya sa tsohon ƙusar gatari ta baya.
Bai ɗaga guduma ta wuce kafaɗa ba.
Ɗaya, don su gaisa.
Biyu.
A na uku wani abu ya ce ƙwal
a cikin kwanon da muke gwajin tub.

Na tsamo shi daga ruwa.
Ɗan abu, bai kai ƙwallon goruba ba,
jikinsa duk sawun haƙora,
da ɗumi kamar an ciro shi daga baki.

Arzika ya hura soket, ya duba shi a rana,
ya ƙirga haƙoran, ya maida shi gwangwani.
Bai ce mini komai ba kuma.
Mota ta tashi da noti aro,
ta bar mana albasa shida da hayaƙi.

Notin yana aljihuna har yau.
Ya huda aljihu biyu.
Inna ta ce in yar,
na ce sai gobe.