Babban Yatsana a Gefen Hoto

Ina da shekara sha huɗu ta ɗauke ni aiki
a Porto, a wani bene mai warin ruwan wanke hoto.
Aikina ɗaya ne: in riƙe farin allo,
in karkato rana zuwa inda ta nuna da haɓa.

Ermelinda Valadares.
Gajeruwa, mai takalmin maza,
farata sun rine kamar an kwana da su a shayi.
Kyamarar ta mahaifinta ce, mai ɗaukar ango da amarya.
Ya rasu ya bar mata bashi
da akwati mai ido ɗaya a kan ƙafa uku.

A zamanin nan a ɗaki ake ɗaukar riga.
A jingina yarinya da ginshiƙin kwali,
a ce mata kada ta yi numfashi.
Ita kuwa ta ce tufar da ba ta sha iska ba
likkafani ce.
Ta kwashe mu da asuba zuwa bakin kogin Douro,
inda mata ke sauke kifi daga kai,
ta tsayar da Graciete cikin siliki ruwan toka
tsakanin kwanduna da kuliyoyi,
ta ce, "Yi tafiya. Kar ki kalle ni. Kina bin wani bashi ne."
Iska ta ɗaga gefen rigar,
wata mai kifi ta buɗe baki za ta yi ashar,
sai na ji ƙaras.

Tela ya yi kuka da hawaye, gishiri ya taɓa masa kaya.
Bayan wata biyu ya dawo da riguna bakwai.

Mujallar Lisbon ta buga,
amma ƙarƙashin hoton harafi ɗaya aka ba ta: E.
Shekara goma sha ɗaya wasiƙu na zuwa,
kowacce na gaida wani namiji da babu shi.
Da su take tokare ƙafar tebur.

Ba zan ce tana da daɗin sha'ani ba.
Ta taɓa murɗe min kunne don inuwata ta faɗa kan hula.
Ta riƙe min albashin wata uku lokacin yaƙi,
sa'ad da fim ya yi wuyar samu
muna ƙirga shi kamar ƙwayar magani.
Amma ran da uwata ta cika
ita ta sayi akwatin,
ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba.

A ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila,
nan kaɗai take waƙa, ƙasa-ƙasa,
tana rausaya tasa
har fuska ta taso daga farar takarda
kamar mai fitowa daga nutso.

Daga baya samari suka zo da ƙananan kyamarori,
suna tsalle a titi, suna kwanciya a kwalta,
jaridu na cewa su suka fara fitar da riga waje.
Na karanta mata, ta ce in wuce shafin farashin kifi.
Yana ta riga ta rufe mata idanu a lokacin.
Sai ta murza yadi tsakanin yatsu biyu
ta ce, "Wannan zai sha haske. Wancan zai tofar da shi."

Bara suka rataye hotunanta a babban zaure,
da cikakken suna, baƙaƙe manya,
shekara ashirin bayan ta daina buƙata.
Na biya kuɗin shiga kamar kowa.
Na tsaya gaban na bakin kogi har mai gadi ya tsargu.
Can gefen hagu, ƙasa, inda ba mai dubawa,
akwai ɗan farin abu, da yatsa a kansa.
Ta gan shi tun ranar. Almakashi na hannunta.
Ba ta yanke ba.