Tauraro Uku da Rabi

Shekara ashirin da bakwai ina tsaye bakin tashar Maradi.
Baƙo ya sauko da jaka yana rarraba ido,
ni ne hanyarsa, ni ne bakinsa.
In kai shi Madarunfa ya ga tafki,
mu ci soyayyen kifi a kan takarda,
in nuna masa inda bayin Allah suka kwanta,
in ce ya tuɓe takalmi.

Yanzu baƙo na saukowa kansa a duƙe.
Wata mace a cikin salula
ke ce masa yi dama, yi hagu,
ita da ba ta taɓa kurɓar ruwan Gulbi ba.

Cima, ɗiyar ƙanena, ta ce,
"Baba Nomau, wanda ba ya cikin waya an rufe shi da ransa."
Ta tsayar da ni gaban kwalekwalen Arzika,
ta ce in yi dariya.
Haƙori huɗu suka rage mini. Na yi.
Ta rubuta jika biyar ƙarƙashin fuskata.
Ranar ciniki ya mutu,
ba "albarka", ba "ƙara dai kaɗan",
ba shayin da ake sha kafin a daidaita.

Ban ce ba su zo ba.
Malaman asibiti uku daga Damagaram,
wani ango da amaryarsa daga Katsina,
kuɗinsu ya riga su isowa
da ɗan kuka irin na ɗan tsako.
Da shi na sake rufin ɗaki.

Amma wani ya rubuta: tsohon ya cika surutu.
Tauraro uku da rabi.
Na tambayi Cima, wa ke da wuƙar yanka tauraro?

Masaukin Tabawa a cike yake tun da aka ɗauki hoton labulenta.
Na Gado, mai sanyin inuwar bedi,
ƙadangaru ke kwana ciki.
Dukawa suna aika jakar jar fata
ga mutanen da ba za su taɓa jin warin jima ba.
Kaya na tafiya, baƙo na zaune gida.

Da damina Gulbi ya kawo,
matar nan ta tura wata mota hanyar rairayi bayan Jiratawa.
Rezo ya ɗauke, ita ma ta yi gum.
Wani yaro mai kiwo ya zo ya kira ni.
Na je da amalanken shanu da igiya,
laka har gwiwa,
ina ba su labarin shekarar da ruwa ya ci gonar kakana.
Ba wanda ya ce na cika surutu.

Da dare Cima ta duba.
Ba su rubuta komi ba.
Na ce ta sa mini wayar a caji,
gobe Juma'a, akwai mutum biyu daga Tawa.