Baƙin Baba Na-Allah

Da sassafe Baba Na-Allah ya shigo da bokiti,
wandonsa jiƙe har gwiwa, laka a diddige.
Daga magudanar Jiratawa ya tsamo su,
ƙarƙashin ganyen bado, bayan gonakin zogale:
katantanwa ɗari da goma sha bakwai,
babu wadda ta kai ƙwayar gujiya.
Ya ce, "Lawali, ga baƙinka. Ba su da surutu."

Na san halinsu.
Shekara shida ina jera su a kofunan gilashi,
in haska musu fitila, in zauna ina gadi
ko wata za ta tofo 'yan tsutsotsin nan
masu wutsiya kamar baka biyu.
Uku su tofo, sauran su yi gum.
In rubuta "babu" a littafi
alhali cutar na kwance a ciki, ba ta dai nuna ba.

Yanzu na daina roƙonsu.
Ina daka su a turmin da bai kai ɗan yatsa ba,
in wanke, in tace, in sake wankewa,
har ya rage ɗigo guda, garau,
wanda ido zai rantse babu kome a ciki.
Amma kowace halitta da tsagar gidansu.
Yadda ake gane Bagobiri tun bai buɗe baki ba,
haka tsutsa ke yawo da rubutun asalinta.
Layi ɗaya na'urar ke nema a rubutun nan.
In ta same shi sai ta kwafa,
ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas,
kamar magana a tashar motar Madarunfa,
har raɗa ta koma ihu.

Minti arba'in a zafin da bai kai tafasa ba,
in kuran bai ɗauke ba.
Ruwan hoda in ya koma ruwan ɗorawa, akwai.
Yau sha tara suka juya.

Sai kwalba ta ashirin da shida daga lakwal.
Cima, 'yar aji huɗu.
Fitsarinta fari tas.
Na tace, na leƙa madubi har idona ya yi yaji,
ban ga ƙwai ko ɗaya mai ƙaya a gindi ba.
Mushe ya ce barci take a aji,
uwarta ta ce mayu ne.
Ɗigonta ya yi ɗorawa tun kafin lokaci ya cika.

Ina da shekara goma sha biyu
na ga ja a jikin katanga bayan gidanmu.
Kawu ya yi dariya, ya ce yaro ya zama namiji.
Duk tsaranmu mun zama maza a damina ɗaya.
Mani ya fi mu iyo, ya fi mu ja.
Bara na kai masa lemo a likita,
da tiyo a mararsa, yana tambayata
ko har yanzu tabkin na kawowa gindin gawon nan.
Na ce yana kawowa.

Ran Alhamis wata ta ba ni mamaki:
rabin tsagarta ta tsargiyar mutum,
rabi ta shanu.
Ashe a mashayar da garke ke sauka da azahar,
yara su faɗa da la'asar,
an ɗaura aure ba mu ji ganga ba.

Gobe za a tsayar da Cima jikin sandar awo,
a ba ta ƙwayoyi daidai tsawonta,
ta haɗiye da fura, ta yamutsa fuska.

Baba Na-Allah na wanke bokiti a bakin famfo.
Bai ɗago ba ya ce,
"To, ka gano. Jibi a ina za ta yi wanki?"

Na'urar tana ta ƙugi a kan tebur.
Wannan ba ya cikin abin da aka koya mata.

Na dubi ƙafafunsa, farare don daɗewa a ruwa.
Takalman roban da na saya masa
suna rataye a kekensa, sababbi fil, yana tattalinsu.
Na ɗauko kwalba, na rubuta sunansa,
na nuna masa ƙofar bayan gida.