Taƙi Biyu na Igiya

Ƙyanda ta ɗauke mini rana ina da shekara shida,
ta bar mini ɗuminta kawai a goshi.
Inna ta ce, "Barira, a hankali."
Duk Bagalam ta ce a hankali:
ga kwata, ga turken awaki, ga bakin rijiya.
Shekara goma ina lallashin ƙasa kafin in taka ta.

Tsalha ƙanena ne ya ɓata ni.
Da rani, gulbi ya ƙafe sai rairayi,
ya yage bakin tsohon zanen Inna,
ya ɗaura a hannuna, ya ɗaura a nasa,
ya ce, "Ba kowa gabanki sai iska. Ruga!"
Na ruga, na kife, na ci yashi,
na tashi ina dariya.

Daga nan sai filin wasa, kafin ladan ya sake kira.
Malam Shafi'u da usur ɗinsa mai tsatsa
ya auna mana igiya, taƙi biyu, ba ƙari.
Mita ɗari, in ji masu ido.
Ni taku hamsin da huɗu na sani,
da numfashin Tsalha a kafaɗar hagu,
ƙafa huɗu, sauti ɗaya, kamar luguden gwanaye.

A Yamai muka riga kowa.
Na ji filin ya fashe da ihu, sannan ya yi tsit.
Ƙirjin Tsalha ya riga nawa haye layi
da faɗin yatsa, wai,
doka kuwa ta ce ɗan jagora baya yake tsayawa.
Muka hau mota, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni,
bai ce uffan ba.
A Madawa ya saya mini ƙosai ya sa a tafina,
hannunsa na rawa.

Da shekara ta zagayo ya koyi abin da ya fi gudu wuya:
rage taku ɗaya a bakin nasara.
Aka rataya mini ƙarfe mai sanyi.
Suka ce zinariya ce.
Na lasa, ɗanɗanon cokali gare ta.

Shekara tara muna haɗe.
Sannan gwiwarsa ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure,
igiyar da ba ta taɓa miƙewa ba ta miƙe,
na ji ni ke jan sa.
Ban faɗa ba. Shi ya kwance da kansa.

Yanzu kabu-kabu yake yi a bakin babbar kasuwa.
Ni kuma ranar Lahadi ina gulbi
da 'yan mata uku da aka rene su da "a hankali".
Ƙaramar, Sa'a, ta damƙe ni tana tambaya
me ke gabanta.
Na laluba, na ɗaura mata tsumman a wuyan hannu.
Can kan gaɓa na ji an kashe babur.