Aljihun da Barira Ta Ɗinka

Shekara sha bakwai ina auna aya a Gazawa,
in kai ta Jibiya, in kwano Maraɗi da dare.
Barira ta ɗinka min aljihu a cikin wando,
can gefen cinya, inda hannu ba ya kaiwa
sai an ci mutuncin mutum.
Nan jikkuna suke kwana, suna shan gumina,
ni kuwa ba na barci a mota.
Kowa ya yi tari, sai in dafe ƙafa.

Banki? Na je sau ɗaya.
Mai gadi ya dubi takalmina kafin fuskata.
Aka miƙo takarda, faransanci gaba da baya,
na juya ta kamar mai gasa tsire,
na fito, layi bai motsa ba,
azahar ta wuce ni a tsaye.

Da Tsahiru ya ce, Baba, a zuba su a salula,
na ce, kuɗin da ban lashi yatsa na ƙirga ba
iska ne, kai yaro.
Wa ya taɓa ɗaure iska a bakin zane?

Sai daminar da gulbi ya cika ya hana hanya.
Inna tana asibitin Madarumfa,
likita ya rubuta magani, jikka sha biyu.
Na ba wani direba, ya ce gobe.
Goben ta zama jibi.
Lawali mai shayi ne ya karɓi lambar ƙanwata,
ya latsa, ya latsa,
kafin ruwan butarsa ya tafasa
ta kira ta ce sun shigo.

Ban ce komai ba. Na sha shayin, na biya biyu.

Yanzu lamba huɗu ce makullina.
Ban faɗa wa kowa ba, har ni wani sa'in
sai na tuna shekarar da fari suka ci gero.
Manomi yana kan tiyarsa, wayarsa ta yi ƙara,
mu yi musafaha, ba wanda ya duba bayansa.

Ba zan yabe su da yawa ba.
Suna yankar nasu kamar mahaucin da bai san ka ba.
Ran da rezo ya ɗauke,
mai miliyan da mai dala duk ɗaya ne a bakin rumfa.
Kuma ina kewar warin nan,
warin tsohuwar jikka da ta zaga kasuwa bakwai.

Aljihun yana nan. Goro nake sa wa.
Barira ma ta buɗe nata,
kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.
Jiya na tambaye ta nawa ta tara.
Ta yi dariya, ta kife wayar a kan tabarma,
ta ce, Malam, wannan ɗinkin
ba na cinyarka ba ne.